Cin Abinci a Hanya: Wane Gida Mai Rassa Ya Dace da Matafiyin da Ya Taso Daga Zariya?

Wanda zai tashi daga Kwangila zuwa Kaduna ba ruwansa da wannan magana. Tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, ƙosan da ya karya da shi bai gama sauka ba zai hango gadar Kawo. Maganar ta masu dogon zango ce: mai zuwa Abuja, mai wucewa Lokoja ya gangara kudu, mai bin Kano ya miƙe gabas. Waɗannan ko sun ƙi ko sun so azahar za ta same su a kan kwalta, ga yara a kujerar baya sun fara kukan yunwa tun daga Jaji.

Irin wannan matafiyi ne yake neman gidan abinci mai rassa, mai suna ɗaya da allo ɗaya a garuruwa da yawa. Dalilinsa a fili yake. A Zariya ka san mai tuwon da hannunta ke da tsabta, ka san mai tsiren da namansa ba ya kwana. A garin da kake baƙo ba ka san kowa ba, sai ka nemi allon da idonka ya saba da shi, don aƙalla farashi a rubuce yake, ka san yadda kazar za ta zo, kana kuma sa ran samun banɗaki mai ƙofa. Rabin kuɗin da kake biya na wannan kwanciyar hankalin ne. Sai dai gidajen ba ɗaya suke ba, kuma wanda ya fi daɗin zama ranar Asabar da iyali ba lalle ne ya dace da mai sauri ba.

Kafin a zo kan sunaye, a san inda suke. Titin Abuja zuwa Kano ta Kaduna da Zariya kilomita 375 ne, amma kusan duk waɗannan rassa a tsakiyar gari aka kafa su, inda ma'aikata da ɗalibai suke, nesa da bakin babban titi. Daga Gonin Gora ka bi Kateri, Jere, Tafa har Zuba, abin da za ka yi ta gani rumfunan shinkafa da wake ne, da masu doya da ƙwai, da hayaƙin masu nama. Haka daga Zariya zuwa Tashar Yari, Kwanar Dangora da Kura. A Kaduna ma, in kana son ka ci a irin waɗannan gidaje, sai ka bar baifas ɗin Nnamdi Azikiwe ka shiga ta Ali Akilu zuwa Ahmadu Bello Way, ka sha cunkoson gari, sannan ka sake neman hanyar fita. Abincin minti ashirin yakan ci maka awa guda. Saboda haka zaɓin na gaskiya guda biyu ne: ko ka tsaya a gari da niyya, ka ware masa lokaci, ko ka sa a zuba maka a roba ka ci a gaba. Kowane gida da wanda ya fi dacewa da shi a cikin biyun nan.

Chicken Republic zan fara ɗauka, domin shi ne matafiyi zai fi yawan cin karo da shi, a Kaduna, a Kano, a Abuja kuwa kusan kowace unguwa. Kamfanin Food Concepts ne ke da shi, reshensa na farko a Apapa ta Legas aka buɗe a 2004. Ƙarfinsa yana cikin ƙarancin abin da yake sayarwa. Kaza ce, soyayya ko gasasshiya, sai jalof, soyayyiyar shinkafa, taliya, soyayyen dankali, alale da 'yan abubuwan haɗawa. Wanda ke neman zaɓi iri-iri zai ga kamar an takura shi, amma ga matafiyi wannan alheri ne. Tunda kowa abu ɗaya ko biyu yake saya, tiren shinkafa ba ya daɗewa a kanta ake kwashe shi a kawo sabo, kuma ma'aikatan sun saba da zubawa da ƙullewa, layi yana tafiya. Haɗin da suke kira Refuel, shinkafa da yankan kaza ɗaya, shi ne ya jawo musu talaka da ɗalibi. Akwai lokacin da naira 500 ake sayar da shi, kafin farashin komai ya yi tashin gwauron zabo. Har yanzu yana cikin abubuwan da suka fi araha a gidan.

Inda yake gazawa kuwa sananne ne. Wannan haɗi mai araha na riƙe ciki ne kawai, ƙato mai tuƙi tun asuba ba zai ƙoshi da shi ba sai ya ƙara, in ya ƙara kuma arahar ta tafi. Babu tuwo, babu miya. In kana tafe da dattijo, ka buɗe masa robar ya leƙa, abin da za ka ji shi ne, "To wannan ai abin taɓawa ne, ɗana. Ina abincin?" Sannan tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi na rana, lokacin da ma'aikatan ofis ke fitowa, layin yakan yi tsawo. Ga masu mota cike da yara, haɗinsu na iyali mai yankan kaza da yawa ya fi sauƙi a kan kowa a saya masa nasa daban, in dai an haɗa da burodi ko shinkafar da aka taho da ita daga gida a kula. A ganina, in sayen tafi-da-gidanka ne, a ci a mota cikin awa ɗaya, babu wanda ya kama ƙafarsa a wannan hanya tamu.

Mr Bigg's labarinsa daban ne, kuma duk wanda ya yi wayo a shekarun 1990 zuwa farkon 2000 yana da ɗan tarihi da shi. Na kamfanin UAC ne, ya fara a Marina ta Legas a 1986, ya yaɗu har rassansa suka haura 150. Shi ne ma ya fi kusa da zama gidan abincin matafiya na sosai, domin an kafa rassansa da dama a cikin gidajen man Mobil: ka sha mai, ka sayi mitfai, ka wuce. Amma yawancin rassan ba kamfanin ne ke tafiyar da su da kansa ba, 'yan kasuwa ne suka sayi izinin amfani da sunan, kowa da yadda yake riƙon nasa. A 2013 kamfanin Famous Brands na Afirka ta Kudu ya sayi kashi 49 cikin ɗari na harkar, duk da haka rassa da yawa sun rufe a shekarun da suka biyo baya. Abin da wannan ke nufi ga matafiyi shi ne sunan kaɗai bai isa shaida ba. Wani reshen za ka tarar da shi tsaf, cike da mutane, wani kuma shiru. Kar ka tsara tafiyarka a kan reshen da ka sani shekara goma da suka wuce ba tare da ka tambayi ɗan gari ko yana nan ba. In ka same shi da rai, abin da ya fi iyawa har yau shi ne kayan fulawa. Mitfai mai zafi da ruwan sanyi sun fi robar shinkafa sauƙin ci ga wanda ba zai sauka daga mota ba, ba cokali, ba mai a sitiyari.

Kilimanjaro na kamfanin Sundry Foods ne mai hedkwata a Fatakwal, kuma mai zuwa Abuja ko kudu ne zai fi amfana da shi. Nan akwai abincin haɗiya: sakwara, teba, miyar agushi, miyar ganye irin ta kudu, ga shinkafa kala-kala, ga wake da soyayyiyar agada. Kana tsaye gaban gilashi kana nunawa ana zubawa. Wanda ke son ya ji ya ci abinci, nan ya fi masa. Amma a kula da abu biyu. Na farko lissafi: kowane cokali da kuɗinsa, kowane yankan nama da nasa, kana "ƙara wannan, sa wancan" sai ka isa wurin biya ka ga adadin ya ninka abin da ka ƙiyasta. Ka tambayi kuɗin nama kafin a ɗora shi a faranti, ba abin kunya ba ne. Na biyu, girkin na kudu ne. Miyar na iya zuwa da dodon koɗi, ko busasshen kifi mai ƙarfin ƙamshi, ko manja fiye da yadda cikin Bazazzagi ya saba. Ranar tafiya ba ranar gwada sabuwar miya ba ce, musamman in akwai sauran awa huɗu a gaba kuma ba ka san inda banɗaki na gaba yake ba. Gida ne na zama a ci a wanke hannu. Miya a roba cikin mota, a kan ramukan hanya, ƙarshenta a jikin kujera. Tantalizers, wanda ya fara a Festac a 1997, da Sweet Sensation na 1994, duk kusan wannan tsarin ne, sai dai ƙarfinsu a Legas da kewayenta yake.

KFC ya shigo Najeriya a 2009, Domino's Pizza da Cold Stone mai sayar da askirim kuma a 2012 ta hannun kamfanin Eat'N'Go. Ba zan daɗe a kansu ba. Kazar KFC daɗinta a ɓawon fulawar nan ne mai ƙaras-ƙaras, in aka rufe ta a kwali tururi ya jiƙa ta, kafin Tafa ta yi laushi, ga shi ka biya kuɗin da ya fi na sauran. Fiza kuwa sai ka yi oda ake gasawa. Wannan yana da kyau ta fuskar lafiya, tunda daga wuta sai hannunka, amma jira ne na kwata ko fiye, kuma in ta huce cukun ya daskare yara ma ture ta suke yi. Ga askirim a maƙwabtaka, sau da yawa rufi ɗaya, wanda duk uban da ya shiga da yara ya san ba zai fito da aljihunsa yadda ya shiga ba. Waɗannan na ranar da aka isa ne, an sauke kaya an yi wanka.

Sai namu na gida. Shagalinku ba baƙo ba ne ga mutumin Zariya, kuma yana da reshe a Abuja. Nan ne dattijon da ya raina robar shinkafa zai saki fuska: tuwon shinkafa, miyar kuka, miyar taushe, masa, farfesu, naman rago, fura da nono. Ba ka bukatar tambayar yankan waye, ba ka bukatar Turanci kafin a fahimci abin da kake so, kuma Hajiya za ta zauna ta ci a natse. Rassansa ba su kai na waɗancan yawa ba, don haka ba gidan da za ka yi ta cin karo da shi a hanya ba ne, sai dai ka nufe shi, ko kafin ka bar Zariya ko bayan ka shiga Abuja. Matsalarsa ga matafiyi ɗaya ce, kuma ba laifin masu girki ba ne: tuwo da fura da rana tsaka barci suke kawowa. Fasinja ya ci ya more. Mai tuƙi kuwa, in ya cika ciki da tuwo ƙarfe biyu sannan ya hau miƙaƙƙen titin Zariya zuwa Kano, inda babu kwana babu gargada, esi na kaɗawa, idonsa zai fara lumshewa kafin Kwanar Dangora. Direba ya ci masa biyu-uku da farfesu, ya bar tuwon sai dare.

Yahuza Suya, mai rassa da dama a Abuja, shi ma ya shiga lissafi ta wata fuskar. Gasasshiyar kaza da tsire abincin yamma ne, galibi ba su ne za ka nema da hantsi ba. Amma kilishi da dambun nama su ne guzurin da ya fi kowanne jure hanya, tunda an busar da su, zafin mota ba ya lalata su cikin yini.

Wannan ya kawo mu kan abin da, a wurina, ya fi sunan gidan muhimmanci, wato ƙarfe nawa ka shiga da kuma ƙarfe nawa za ka ci. Yawancin gidajen nan dafawa suke su zuba a tire, su ajiye a kan ɗumi bayan gilashi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dafaffen abinci ya zauna da zafin da ya haura digiri 60, ko da sanyin da bai kai digiri 5 ba, kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye tsakanin haka. Shinkafa ta fi kowa laifi a nan, domin akwai ƙwayar cutar da ke jure dafuwa a cikinta, in ta huce ta zauna sai ta hayayyafa ta saki gubar da ko an sake ɗumamawa ba ta mutuwa. To ka tsaya gaban gilashin ka duba da kyau. Shinkafar da aka sauke yanzu tana tururi, gilashin ya yi gumi, ƙwayoyinta suna sheƙi. Wadda ta daɗe za ka ga gefen tiren ya bushe ya yi duhu kamar ƙanzo, an tattara sauran a tsakiya, fatar kazar ta yamutse, mai ya kwanta a ƙasa. Reshen da ke cike da mutane ƙarfe ɗaya na rana ya fi aminci a kan reshe mai babban suna da ka shiga ƙarfe huɗu da rabi ka tarar kai kaɗai ne. Ba laifi ka ce da mai zubawa, "Sannu da aiki, 'yar'uwa. Akwai wadda za a sauke yanzu? Zan jira." Minti goma na jira ya fi tsayawa uku a daji.

In kuma ƙullewa za a yi, ka ce kada a sa haɗin kabeji da mayonis a cikin robar shinkafa. Shi abin sanyi ne, ita abin zafi, in suka haɗu a rufe cikin motar da rana ke duka, shi ne zai fara juyawa. Alale ma ba ya son jira. Kar a jefa ledar a but ko a bayan gilashin baya inda rana ke sauka. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai wa maƙura, abin da aka saya a Kaduna a ci shi kafin Jere.

Akwai abin da allon farashi ba ya nunawa, kuma shi ne yakan raba gardama in ana tafe da iyali: wurin alwala da salla. Gidajen da suka taso daga Legas da Fatakwal an gina su ne da tunanin mai shiga ya ci ya fita. Banɗaki galibi akwai, sau da yawa ma ya fi na ko'ina a hanyar tsabta, amma buta ba lalle ba, wurin shimfiɗa darduma ma haka. Gidajenmu na arewa da manyan gidajen mai sun fi kula da wannan. Dabarar da na ga ta fi ita ce a raba aikin biyu, a sayi abinci a inda abinci ya fi, a yi salla a gidan mai mai masallaci, tunda ko yaya sai an sha mai. Matafiyi yana da sauƙin kasaru, don haka tsayawar ba ta da tsawo. Buta da darduma dai su zauna a mota. Game da yanka, gwamnati ta hana shigo da daskararrun kaji daga waje tun farkon shekarun 2000, saboda haka manyan gidajen nan daga gonakin cikin ƙasa suke saye. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi manajan reshen daga ina kajinsu suke zuwa, haka in fiza ce ya tambayi irin naman da ke kai.

Duk wannan na mai motar kansa ne. Wanda ya hau ta haya a tasha, zaɓin ba a hannunsa yake ba. Kana iya cewa, "Malam direba, don Allah in an samu wuri mai kyau a ɗan tsaya," ya ce to, amma inda ya saba nan zai tsaya, wurin da ake ajiye masa nasa kwanon saboda ya kawo fasinja. Ba zai ratsa cikin Kaduna don mutum ɗaya ba. Fasinjan haya ya sayi nasa kafin ya shiga tasha, kuma ya zaɓi busasshe: mitfai in za a ci da wuri, gasasshiyar kaza ba miya, burodi, kilishi, dabino. Ka tuna motar na iya yin awa guda tana jiran cika, wannan awar ma tana cikin biyun da aka ce. Mai hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, wanda ya fara aiki a 2016, shi ma gara ya ci a cikin gari kafin ya nufi tasha, don lokacin jirgi ba ya jiran wanda ke layin kaza.

Ta fuskar kuɗi, abin da ke rubuce a allo ba kullum ne abin da za ka biya ba. Wasu gidajen suna cajin kuɗin roba daban, kuma lemo da ruwa a ciki sun fi na shago tsada nesa ba kusa ba. Katan ɗin ruwa daga Sabon Gari ko Tudun Wada a bayan mota yana rage kashe kuɗi fiye da duk wani rangwamen da za a yi maka a kanta. Harajin VAT na kashi 7.5 ma yakan fito a rasit. Kusan dukkansu suna karɓar kati da taransifa, wanda babbar fa'ida ce a kan rumfunan bakin hanya, amma duk wanda ya ga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 ya san na'ura na iya ƙin aiki a daidai lokacin da aka riga aka zuba maka abinci. Taransifa kuma sai sun ga shigarta kafin su sake ka, ko da mota na jiranka a waje. Ka riƙe tsabar da za ta biya abincin mutanen motar sau ɗaya, a aljihun da ba na kuɗin mai ba.

A dawowa daga Abuja lissafin yana juyawa. Yawancin mutane suna so su wuce tsakanin Tafa da Kaduna da sauran rana, don haka ba a zaman cin abinci a hanya. A ci a Abuja kafin a taso, a zaune, a Shagalinku ko Kilimanjaro gwargwadon wanda ke cikin motar, sannan a riƙo abin taɓawa na yara daga Chicken Republic wanda za su cinye kafin Kateri. In za a yi tsarabar kilishi ko gasasshiyar kaza, a ce a ƙulla yaji da albasa daban. Albasar da aka yanka ta kwana cikin takarda da nama ita ce ke fara sauya masa ƙamshi kafin a kai Ɗan Magaji.